Matse bugun leza zuwa 'yan femtosakan: tambayoyin da ɗalibai suka fi yi min

Duk shekara in lokacin semina da furojet ya zo sai an samu ɗalibi ɗaya ko biyu a nan Bauchi da suka ɗauko maudu'in gajerun bugun leza, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, wani ya tare ni a Yelwa bayan la'asar wani ya kira cikin dare wai Malam ban gane wajen kaza ba. Shi ne na ce bari in tattara su wuri ɗaya, na sa musu lamba saboda in riƙa tura ku daga wannan zuwa waccan ba sai na yi ta maimaita magana ba.

1. Malam wai mene ne ma bugun leza, ba haske ne kawai da ke tafiya a miƙe ba?

Leza iri biyu ce. Akwai wadda haskenta ke zuba ba yankewa kamar famfon da aka bari a buɗe, irin 'yar koriyar nan da yara ke saya a kasuwar Wunti suna haska bango da ita. Akwai kuma wadda ke tara ƙarfinta ta sake shi fat ɗaya, ta yi shiru, ta sake. Wannan fat ɗin shi nake kira bugu, a aji za ku ji ana cewa fols. Ita kanta leza ta farko da Theodore Maiman ya haɗa a Amurka a 1960 bugu-bugu take yi, sai dai nata bugun dogo ne ƙwarai in aka gwada shi da na yanzu.

2. Femtosakan ɗin nan da ake ta faɗa, yaya gajartarsa take?

Ka raba sakan ɗaya gida miliyan, ka ɗauki ɗaya ka sake raba shi gida biliyan, to wannan shi ne femtosakan. Nasan wannan bai shiga kai, toh ga wata hanya. Haske na cin kilomita 300,000 a sakan ɗaya, daga Bauchi zuwa Gombe a wajensa kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na sakan ne. Amma a femtosakan ɗaya duk gudun nan nasa maikiromita 0.3 kawai zai iya ci (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kenan sai ya kwashe femtosakan ɗari biyu zuwa uku kafin ya ƙetare kaurin gashin kai guda ɗaya. Bugun femtosakan 10 ba sanda ba ne na haske, faifai ne siriri mai kaurin maikiromita 3 da ke gudu. Atosakan kuma ya fi shi gajarta sau dubu, zai zo a tambaya ta 12.

3. To meye amfanin gajarta shi, ba ƙarfi ake nema ba?

Ai gajartar ita ce ƙarfin. Fawa ita ce makamashi a raba da lokaci, jul nawa ka zuba a cikin sakan nawa. Jul 30 ba komai ba ne, ƙwan fitila mai wat 10 zai shanye shi a sakan uku, ƙaramin cokalin ruwa ma da kyar zai ɗumama shi da digiri ɗaya da ɗan wani abu, balle a yi maganar dafa shayi. Amma ka zuba jul 30 ɗin nan cikin femtosakan 30, ka samu petawat ɗaya, wato wat 1 da sifili 15 a bayansa. Tashar wutar madatsar Dadin Kowa a Gombe megawat 40 ce, sai ka jera irinta miliyan 25 kafin su kamo wannan bugun, amma fa na tsawon wancan ƙiftawar kawai, kar wani ya je ya ce Malam ya ce leza za ta ba Najeriya wuta.

Daga nan kun ga hanya biyu ce ta ƙara fawa, ko ka ƙara jul ko ka rage lokaci. Ƙara jul na nufin manyan lu'ulu'u da manyan madubai da babban gini da kuɗi kamar me. Rage lokaci kuwa wani sa'in ɗan gilashi ne da madubai 'yan kaɗan. Duk maganar shafin nan a kan hanya ta biyun take.

4. Mene ne CPA kuma me ya sa kowace takarda da ita take farawa?

CPA dabara ce ta miƙe bugu, a ƙara masa ƙarfi, sannan a sake matse shi. Ana farawa da ita saboda kafin ta an makale. Gajeren bugu in ka tura shi cikin na'urar ƙara ƙarfi, tun kafin ya kai inda kake so ya fasa lu'ulu'un da ke ƙara masa ƙarfin. A 1985 Donna Strickland da Gérard Mourou a jami'ar Rocesta ta Amurka suka kawo mafita, kuma dabarar duk wanda ya taɓa ganin Bafulatani zai ƙetare da garke ta siririyar gada ya santa. Ba ka tura shanun a dunƙule, gadar za ta karye. Sai ka jera su ɗaya bayan ɗaya su wuce, in sun ƙetare ka sake tara su. Haka ake jan bugun ya yi tsawo sau dubbai, ja a gaba shuɗi a baya, a ƙara masa ƙarfi yana a miƙe, sannan a sake haɗe shi da wasu faifai masu ƙananan zane-zane da ke rarraba launuka. Na taɓa nuna wa 'yan aji irin faifan da tsohon CD da tocilar waya, muka rufe tagogi, bakan gizo ya fito a jikin allo, to aikinsu kenan sai dai na dakin gwaji sun fi tsada nesa ba kusa ba.

Da wannan dabarar aka kai petawat na farko a ɗakin gwajin Livermore na Amurka a 1996, kuma ita ta ba Strickland da Mourou kyautar Nobel ta 2018 tare da Arthur Ashkin. Strickland ce mace ta uku da ta samu Nobel a fiziks, bayan Marie Curie a 1903 da Maria Goeppert Mayer a 1963.

5. In CPA ta riga ta matse bugun, me ya kawo wata matsewar kuma?

Nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa. CPA ba ta gajarta bugu fiye da yadda ya shigo, mayar da shi take yi yadda yake, sau da yawa ma ya fito ya ɗan fi tsawo, saboda na'urar ƙara ƙarfi tana fifita launukan tsakiya ta bar na gefe su sirance. Shi ya sa manyan lezojin taitaniyam-safaya masu aiki a nanomita 800, wato tsawon zangon haskensu wanda shi ke nuna launi, yawanci suke tsayawa wajen femtosakan 20 zuwa 30. Na itabiyam kuma masu nanomita 1030, waɗanda masana'antu suka fi so don ba su cin wuta sosai kuma suna iya bugu dubbai ko miliyoyi a sakan, nasu bugun ɗaruruwan femtosakan ne. In kana so ka sauka ƙasa da haka dole ka samo sabbin launuka da babu su a bugun tun asali. Dalili yana tambaya ta 6, yadda ake yi yana ta 7.

6. Me ya haɗa launi da gajarta?

Ku tuna mata suna daka a tsakar gida, kowacce da taɓaryarta da nata saurin. Yawancin lokaci sautin a warwatse yake, amma can sai ka ji duk taɓaren sun faɗa tare, dim ɗaya mai ƙarfi, nan take kuma su sake rabuwa. In saurinsu ya yi kusa da juna za su jima suna tafiya tare kafin su rabu, in saurin ya bambanta sosai haɗuwar ƙiftawa ce. Kowane launi na haske taɓarya ce mai nata saurin kaɗawa, bugu kuma shi ne lokacin da suka faɗa tare. Launuka masu faɗi, bugu gajere.

A lissafi, tsawon bugu in ka ninka shi da faɗin saurin kaɗawar launukansa ba zai sauka ƙasa da 0.44 ba ga bugu mai siffar Gauss, wato mai kama da tudu. A nanomita 800 bugun femtosakan 30 na buƙatar faɗin kusan nanomita 31, na femtosakan 10 kusan 94. Ba wayon da zai ƙetare wannan, in ka ga furojet ya rubuta femtosakan 5 da faɗin nanomita 20 to kwafe aka yi ba a duba ba.

7. To daga ina sabbin launukan suke fitowa, kuma meye "nonliniya"?

A rayuwar yau da kullum gilashi bai damu da yawan hasken da ke ratsa shi ba, ka ninka haske ya ninka abin da ke fita, shi kenan, wannan shi ne liniya. Amma in haske ya yi tsanani ƙwarai sai shi kansa ya canza gilashin na ɗan lokacin da yake ciki, inda hasken ya fi tsanani nan gilashin ya fi rage masa gudu. Ana kiran abin da sunan John Kerr, ɗan Sikotlan da ya gano a 1875 cewa wutar lantarki na canza yadda gilashi ke karya haske, a nan kuma wutar da ke jikin hasken ce ke yin aikin. A takarda za ku gan shi n = n0 + n2I, inda n ke nuna yadda gilashi ke rage wa haske gudu, I kuma tsananin hasken.

Yanzu ka duba bugun, goshinsa rauni ne, tsakiyarsa ce mai tsanani, wutsiyarsa rauni. Tsakiya ta fi jinkiri kenan. Kaɗawar da ke gaba sai ta miƙe ta ja baya-baya, ta koma wajen ja. Ta baya kuma sai ta cunkushe a jikin tsakiya, ta koma wajen shuɗi. Ka ga an haifi launuka a gefe biyu ba tare da an ƙara jul ko ɗaya ba. Abin da ke burge ni shi ne wannan halin na Kerr shi ne fa abokin gaban da aka ƙirƙiro CPA don a guje masa, sai ga shi an dawo ana neman sa da gangan.

8. Kenan da ya fito daga gilashin ya gajarce?

A'a, kuma a nan ake faɗuwa a difens. Ya fito da launuka masu yawa amma tsawonsa na nan, ja na gaba shuɗi na baya. Sai an tsayar da ja ya jira shuɗi. Ana yin haka da madubi na musamman mai shimfiɗu da yawa a fuskarsa, shuɗi na dawowa tun daga sama-sama, ja kuma sai ya nutsa ciki kafin ya juyo, wannan ɗan ƙarin tafiyar ita ce jiran. Robert Szipőcs da Ferenc Krausz da abokan aikinsu suka fito da irin madubin a 1994. Kafin nan da firizim da faifan zane ake yi, da su aka kai femtosakan 6 a Bell Labs a 1987.

Kuma bayan ka matse shi ka yi hattara da abin da zai ratsa. Bugun femtosakan 10 in ya wuce ta gilashin silika mai kaurin santimita ɗaya kawai zai fito kusan femtosakan 100, aikin banza kenan. Iskar ɗaki ma in tafiyar ta kai 'yan mitoci sai an sa ta a lissafi.

9. Me ya sa ake amfani da gas maimakon gilashi?

Saboda Kerr ba a lokaci kaɗai yake aiki ba, har a faɗin hasken. Tsakiyar hasken ta fi gefe tsanani, sai gilashin ya zama kamar tabarau mai tattara haske, hasken ya tsuke, tsananin ya ƙaru, ya ƙara tsukewa, har ya ƙone wajen. A gilashi 'yan megawat kaɗan sun isa a fara wannan, a iska kuwa sai an kai wajen gigawat 3 ko fiye. Shi ya sa zaren gilashi irin na intanet ƙananan bugu kawai yake ɗauka.

A 1996 Mauro Nisoli da Sandro De Silvestri da Orazio Svelto a Milan ta Italiya suka ɗauko siririn bututun gilashi mai rami a tsakiya suka cika shi da gas, suka sauko da bugun femtosakan 140 zuwa 10, shekara ɗaya bayan nan aka sauka ƙasa da 5. Ana zuba agon ko niyon ko hiliyam, kana ƙara matsin gas ɗin launuka na ƙara faɗi, kamar kana murɗa rediyo. In bugun ya yi ƙarfi da yawa ga agon ya fara fizge masa elektaron sai a koma hiliyam da ya fi riƙe nasa. Aibinsa shi ne asara, haske mai yawa na ɓacewa a bakin bututun da jikinsa, ga saiti mai wahala, in hasken ya ɗan kauce ya ci bakin bututun.

10. Akwatin madubai biyu da nake gani a sabbin takardu fa?

Madubai biyu ne masu lanƙwasa suna kallon juna, hasken na kai da komo tsakaninsu sau gommai, kowane zuwa ya ratsa gas ko ɗan gilashi ya ɗauki launi kaɗan. Da kaɗan-kaɗan matankaɗi kan cika, kuma da yake kowane zagaye bai yi yawa ba siffar hasken ba ta lalacewa. Tsarin madubin tsoho ne, na Donald Herriott tun 1964, amma amfani da shi wajen matse bugu a 2016 ya fito daga Aachen ta Jamus. Sama da kashi 90 cikin ɗari na hasken kan fita, shi ya sa masu lezar itabiyam ta tambaya ta 5 suka rungume shi. Ni in za a tambaye ni wanne ɗalibi zai fi karantawa yanzu, wannan zan ce.

11. Petawat fa, wane bututu ne zai ɗauke shi?

Babu. Hasken petawat faɗinsa ya kai faranti ko tire, ba a tsuke shi, barin sa ake da faɗinsa a sa masa siririn faifai na gilashi ko lu'ulu'u ko roba, kaurin milimita ɗaya ko 'yan kaɗan, sai madubin tambaya ta 8 ya biyo baya. Mourou da abokansa sun tallata wannan a 2014, mutanen Nizhny Novgorod a Rasha kuma da lezarsu PEARL suka nuna femtosakan 11 da petawat 1.5 a 2021, daga bugun da ya shigo da kusan 60.

Abin tsoro a nan shi ne ƙananan tabo a jikin hasken. Duk ɗan wajen da ya fi maƙwabcinsa haske zai tattara kansa ya girma, hasken ya tarwatse ya zama zare-zare, Bespalov da Talanov sun yi lissafin haka tun 1966. Ma'aunin da ake dubawa shi ne B, jimillar tasirin Kerr a duk tafiyar, kuma tsohuwar doka ita ce kar ya wuce 3 ko makamancin haka. Masu siririn faifai sun wuce wannan sosai da wata dabara mai sauƙi, sai su ja faifan nesa da madubin ƙarshe, tabon da ke tafiya a karkace ya fice daga cikin hasken da kansa kafin a iso. Kuma dole hasken ya zama shimfiɗaɗɗe, tsakiya da gefe tsanani ɗaya, in ba haka ba tsakiya ta matsu gefe bai matsu ba. Manyan da ake hange da wannan su ne irin lezar ELI-NP ta Romaniya mai petawat 10, da ta Koriya ta Kudu mai petawat 4 da ta kai tsananin wat 1 mai sifili 23 wato 10^23 a kowace murabba'in santimita a 2021.

12. "Sarrafawa" da ke cikin taken furojet ɗina me take nufi?

Farko aunawa, don ba ka sarrafa abin da ba ka gani, kuma babu kyamara ko na'urar lantarki mai saurin femtosakan. Sai a raba bugun biyu a auna shi da kansa, ɗaya ya leƙa ɗaya a cikin lu'ulu'u. FROG ta Rick Trebino da Daniel Kane a farkon shekarun 1990 da SPIDER ta Iaconis da Walmsley a 1998 su ne sunayen dabarun awon da za ku fi gani, e kwaɗo da gizo-gizo, haka suka ga dama suka sa. Bayan an auna sai gyara, akwai na'urorin da ke jinkirta kowane launi daban-daban da umarnin kwamfuta, da madubi mai lanƙwasuwa da ke gyara fuskar hasken, da tace ɗan hasken da ke riga babban bugu isowa don kar ya lalata abin da za a harba kafin lokaci.

Mafi laushi ita ce wannan. A nanomita 800 kaɗawa ɗaya femtosakan 2.7 ce, kenan bugun femtosakan 5 bai cika kaɗawa biyu ba. A nan sai ya zama da muhimmanci ko ƙololuwar kaɗawar ta faɗo daidai tsakiyar bugun ko ta ɗan goce. Kulle wannan ya samu ne daga aikin da ya ba Theodor Hänsch da John Hall Nobel a 2005, kuma da shi ake fitar da bugun atosakan guda ɗaya tilo daga gas. Pierre Agostini da Ferenc Krausz da Anne L'Huillier sun karɓi Nobel ta 2023 a kan atosakan.

13. In Baba ya tambaye ni amfanin abin me zan ce masa?

Ka ce masa aikin ido. Gajeren bugu na cire abu kafin zafi ya samu lokacin yaɗuwa gefe, shi ya sa likitocin ido ke yanka da shi, masana'antu ke yanka gilashin waya da ƙananan kayan asibiti da shi. Ahmed Zewail ɗan Masar ya yi amfani da shi ya kalli yadda sinadarai ke rabuwa da haɗuwa, ya samu Nobel a 1999. Toshiki Tajima da John Dawson sun kawo shawarar tura elektaron da leza a 1979, a 2019 kuma a Berkeley aka kai elektaron makamashin kusan GeV 8, wato elektaron-volt biliyan 8, cikin santimita 20, abin da tsohuwar hanya ke buƙatar ɗaruruwan mitoci. Zare-zaren da muka kira matsala a tambaya ta 11 ma an yi amfani da su a dutsen Säntis na Suwizalan a 2021 aka ja wa tsawa hanya, mu da damina ke zuwa mana da aradu wannan ya kamata ya ba mu sha'awa.

14. Ita ce lezar da aka ce ta haɗa makamashin nukiliya a 2022?

Ba ita ba ce. Ta NIF, babbar cibiyar leza da ke Livermore, ta zuba megajul 2.05 ta samu 3.15 a Disamba 2022, amma bugunta na nanosakan ne, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, dogo ne sau dubbai ɗari a kan namu. Ita hanyar ƙara jul ta bi, duba tambaya ta 3.

15. Za a iya yin wannan aikin a nan Bauchi?

Gwajin kansa yana son ɗaki mai sanyi da bai hawa bai sauka, wuta mara yankewa, tebur da ba ya girgiza, da iska mai tsabta. Ku tuna yadda allo da tabarau na ke yi a watan Janairu in hunturu ya busa, na goge da safe kafin azahar ya yi fari. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan madubi in bugu ya same ta ƙonewa take ta bar tabo, madubin ya tashi aiki. Ga shi nanomita 800 da 1030 ido bai ganinsu sosai ko ma sam, ba za ka ƙifta ba sai dai ka ji ɓarna, don haka ba a shiga ɗakin ba tabarau na musamman, agogo da zobe ma cire su ake saboda walƙiya.

Amma lissafin laftof ɗinka ta isa. Ka rubuta lissafin Schrödinger na nonliniya a Python, ka yanka tafiyar gida-gida, kowane gida ka yi Kerr sannan ka juya ta Fourier ka yi rarrabuwar launi, layi hamsin zuwa sittin ya wadatar. Ka fara da bugun femtosakan 300 a nanomita 1030, ka ga launuka na buɗewa suna yin tsaunuka, ka cire jinkirin ka ga nawa ya rage, sannan ka gwada amsarka da 0.44 na tambaya ta 6. Mai son ya taɓa na'urar da hannunsa ya sa ido kan African Laser Centre da ke Afirka ta Kudu da kwasa-kwasan hasken da cibiyar fiziks ta ICTP ke yi a Trieste ta Italiya. Ka dai caja laftof ɗin tun da rana, kuma ka riƙa sebin aikinka duk bayan minti goma.